Kayak: wasan da ake fara koyonsa da kifewa

A Jinja ta ƙasar Yuganda, inda kogin Nilu ke fitowa daga tafkin Biktoriya, akwai matasan da ke tsayar da ƙaramin jirgin ruwa a kan hancinsa, bayansa na kallon sama, kuma ba su faɗi ba. Wasan salo ke nan na kayak, wanda jirginsa na roba bai kai mita 2 ba, kuma mutum ɗaya tak yake ɗauka.

Abin da sabon shiga ke fara koyo shi ne kifewa. Ana kifar da shi da gangan a ruwa mai kwanciya, ya koyi zare kansa daga jirgin, sannan ya koyi mirginowa sama ba tare da ya fita ba. Wannan dabara ta samo asali daga mafarautan Inuwit na Girinland, waɗanda kifewa a ruwan ƙanƙara kan iya zame musu ajali. Ƙa'idarta ɗaya ce mai wuyar bi: ƙugu ke juyo da jirgi, kai ne ke fitowa a ƙarshe. Wanda ya yi gaggawar ɗago kai don shan iska, komawa ƙasa zai yi.

Daga nan sai daidaito. Mai koyo yana manna gwiwoyinsa a jikin jirgin, ya karkata shi gefe guda, ya riƙe shi a haka ba tare da ya dogara da filafili ba. Idan wannan ya zauna, sai ya koyi nutsar da hanci ko bayan jirgin ya tsaya a tsaye. Hular kwano da rigar hana nutsewa dole ne, kuma ba a shiga ruwa ba abokin tafiya.

A gasa kuwa, daƙiƙa 45 ake ba ɗan wasa a kan igiyar ruwa mai tsayawa wuri guda, alƙalai na ba shi maki a kan kowane salo. A 2015 tawagar Yuganda ta halarci gasar duniya a kogin Ottawa na Kanada, bayan da farko an hana ƴan wasanta biza.

Sai dai filin atisayen nasu yana raguwa. Madatsar Bujagali da aka kammala a 2012 ta shanye gangaren ruwan Bujagali. Ta Isimba, mai megawat 183, wadda aka ƙaddamar a 2019, ta haɗiye igiyar Nile Special da ƴan wasa daga ƙasashe da dama ke zuwa dominta. Yuganda ta samu ƙarin wutar lantarki, amma matasan da ke cin abinci da koyarwa da rakiyar ƴan yawon buɗe ido sun koma neman abin da ya saura na kogin.