Maimaituwar Kalmomi a Harshe da Abin da Take Nufi ga Mai Nazarin Alƙur'ani

Ƙidayar haruffa da kalmomi ba baƙuwa ba ce ga malaman Musulunci. A ƙarni na 9 na Miladiyya, Alkindi ya rubuta risala a Bagadaza kan warware rubutun sirri, inda ya nuna cewa haruffan Larabci ba su daidaita wajen maimaituwa ba: alif da lam sun rinjayi sauran. Imam Suyuɗi kuwa ya kawo alƙaluma mabambanta na adadin kalmomin Alƙur'ani a cikin Al-Itƙan, dukkansu dubu 77 da ɗoriya, ya kuma danganta saɓanin ga bambancin hanyar ƙirga.

Abin da zamani ya ƙara shi ne gano ƙa'idar da wannan rashin daidaito yake bi. George Zipf, malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya bayyana ta a littattafansa na 1935 da 1949. Idan aka jera kalmomin dogon nassi daga mafi yawan zuwa, ta biyu takan zo kusan rabin adadin ta farko, ta uku kusan sulusinsa, ta goma kusan ushurinsa. A taskar Brown, wadda ta tara kalmomin Ingilishi kimanin miliyan ɗaya, kalmar farko ta ɗauki kusan kashi 7 cikin ɗari, ta biyu kimanin 3.5. A can ƙarshen jerin kuma, kusan rabin kalmomin taskar sau ɗaya tak suka bayyana. Wannan kusantarwa ce, domin alƙaluman sukan kauce a farkon jeri da ƙarshensa, amma siffar tana nan a harsuna masu yawa.

Alƙur'ani, da yake ya sauka da harshen Larabawa, yana da wannan siffa. Duk wanda ya buɗe Al-Mu'jamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda aka buga a Alƙahira a 1945, zai ga sunan Allah ya cika shafuka, domin ya zo kusan sau 2,700. Harafin "min" ma ya zarce haka. A ɗaya ɓangaren akwai "As-Samad" da "Al-Kausar" da "abban" ta Suratu Abasa da "dizaa" ta Suratun Najm, kowace sau ɗaya ta zo. Daga nan ake fahimtar dalilin da ya sa ɗalibin da ya haddace 'yan ɗaruruwan kalmomi yake gane mafi yawan lafuzzan shafi, amma ma'anar aya ta kuɓuce masa. Kalmomin da ya sani galibinsu haruffa ne da lamirai da fi'ilai irin su "ƙala" da "kana", nauyin ma'ana kuma sau da yawa yana kan kalmar da ba ta maimaitu ba. Ita ce malaman garibul Ƙur'an, irin su Ragib Al-Asfahani, suka duƙufa a kanta, suna neman shaida daga waƙoƙin Larabawa saboda babu wata aya da za a gwada ta da ita.

Wurin da ake buƙatar taka-tsantsan shi ne abin da ake kira i'ijazin adadi. Kafin a ƙirga, dole a yanke mece ce kalma: shin "billahi" ɗaya ce ko biyu, shin wawun aɗafi a ware yake. Maganar da ta yaɗu cewa "yaum" ta zo sau 365 ba ta tsayuwa sai an cire jam'i da tasniya da "yauma'izin" da wadda aka jingina wa lamiri. Ga kalmomi dubbai, ga hanyoyin ƙirga da dama, don haka mai neman dacewar lambobi ba zai rasa ta ba a kowane dogon littafi. Rashad Khalifa ya bi lamba 19 har ta kai shi ga ƙaryata ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba saboda sun ɓata masa lissafi, malamai kuma suka yi watsi da da'awarsa.