Kujera Ɗaya, Fasinja Biyu: Kuskuren da Ke Daskarar da Waya

Duk wayar Android da ke hannun mai sayar da kati a mahaɗar Takieta, inda hanyar Matamaye ke rabuwa da titin Damagaram zuwa Maraɗi, Linux ne ke tafiyar da ita daga ciki. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a Helsinki a 1991. Babban aikinsa rabon lokaci ne: WhatsApp na son ƙwaƙwalwar waya, kira na shigowa, kowa a ba shi ɗan kasonsa na daƙiƙa.

Da can, in cibiyar Linux ta kama wani aiki nata, ba mai tsayar da ita sai ta gama. Daga Linux 2.6 na Disamban 2003 aka ba da damar katse ta a tsakiyar aiki idan abin gaggawa ya taso. Na'ura ta ƙara kuzari, amma direbobin sadarwa, wato ƙananan manhajojin da ke karɓar bayanai daga intanet, suka shiga uku.

Ga misalin matsalar: kamasho ne a tasha ya duba littafi, ya ga kujera ta huɗu ba kowa, ya ɗaga biro, sai aka kira shi. Kafin ya dawo, abokinsa ya sayar da ita. Shi kuwa bai sake dubawa ba, ya rubuta sunan nasa fasinjan. Haka direba ke yi: ya tambayi a kan wacce cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar na'ura yake gudana, aka ce ta biyu, aka katse shi, aka tashe shi a ta biyar, ya ci gaba da rubutu a ma'ajiyar ta biyu. Sai bayanai su cakuɗe, ko na'ura ta daskare.

Gyaran ba ya da yawa. Sau tari layi biyu ne, preempt_disable kafin wurin haɗarin da preempt_enable bayansa. Sai dai wanda ya tsawaita wannan kulle don ya huta, murya za ta riƙa yankewa a kira. A ganina wannan lalaci ne, ba gyara ba.

Wahalar tana wurin kama kuskuren, don sai katsewar ta faɗo daidai tsakanin umarni biyu yake fitowa. Kumbon Mars Pathfinder, wanda ya sauka duniyar Mars ran 4 ga Yulin 1997, ya sha irin wannan: ƙaramin aikin auna yanayi ya riƙe makulli, aka katse shi, babban aiki ya yi ta jira har kwamfutar ta riƙa sake tashi da kanta. Sai da injiniyoyin NASA suka maimaita matsalar a kan kwafin kumbon a Amurka, sannan suka aika gyara ta rediyo.

Tsarin da ke barin a katse kusan kowane sashe na cibiyar, wanda Ingo Molnar da Thomas Gleixner suka ja gaba, ya yi wajen shekara 20 a gefe kafin ya shiga Linux 6.12 a 2024.