Kogunan da suka ɓoye ƙasusuwan dabbobin dā

A ƙasar Ostiraliya akwai wani gandun daji da ake kira Narakut. Yana kudancin ƙasar. Gwamnati ce ke tsaronsa. Baƙi suna zuwa daga nesa don su ga kogunan dutse da ke ƙarƙashin ƙasa.

Yaya kogunan suka samu? Dutsen wurin irin na farar ƙasa ne. Ruwa yana cinsa sannu a hankali. Da daɗewa ya ɓurme daga ciki, ya zama ɗakuna manya-manya. Rufin wasu ɗakunan ya huje, sai suka zama kamar rijiyar da ba ta da murfi. Dabba tana kiwo, sai ta faɗa ciki, ta kasa fita. Ƙasa ta zubo ta rufe ta. Haka aka yi ta yi wajen shekara 500,000.

A shekarar 1969, wasu masu bincike biyu, Rod Wells da Grant Gartrell, suka kutsa ta wata ƙaramar kafa. Suka tarar da ɗaki cike da ƙasusuwa. Akwai na manyan kangaru masu guntuwar fuska. Akwai na wani naman daji mai kama da zaki, wanda macen take goyon ɗanta cikin jakar cikinta. Akwai na maciji mai tsawon wajen mita 5. Duk waɗannan dabbobi sun ƙare a duniya. A 1994, hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Kogo 4 ne aka buɗe wa masu ziyara. Ɗakin ƙasusuwa ba a shigarsa sai da ja-gora. Ba a taɓa ƙashi, ba a ɗaukar dutse. Kogon da jemagu suke haihuwa kuwa, ta na'urar ɗaukar hoto ake kallonsu, don kada a firgita su.

Mi ya sa ake wannan tsanani? Domin inda ƙashi yake kwance shi ke nuna shekarunsa. Na ƙasa ya girmi na bisa. In an gusar da shi, labarinsa ya ɓace, ba ya dawowa.

Nijar ma tana da irin wannan arziki. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, an tono ƙasusuwan manyan dabbobi da suka fi shekara miliyan 100. Wasunsu suna gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Saboda haka, manomi ko makiyayi ko mai ginar rijiya da ya ci karo da baƙon ƙashi mai nauyi kamar dutse, kada ya fasa shi, kada ya sayar. Ya bar shi inda yake, ya shaida wa mai gari, shi kuma ya sanar da hukuma.