SANA'AR FITON KAYA: Hanyar da ɗan Bonkuku zai bi ya koya

Kowa ya san Bonkuku, babban garin Imanan, cikin Dallol Boso, ya san shi da dankalin turawa. Garin yana bisa hanyar Filinge, kimanin kilomita 140 daga Yamai. Amma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, irin dankalin da ake shukawa lokacin sanyi, mafi yawansa daga Turai yake zuwa cikin jirgin ruwa. Idan ya daɗe a bakin teku, ko ya tsira cikin buhu, ko ya ruɓe, ko kuwa ya iso bayan lokacin shuka ya wuce. To, mutumin da ke tsaye tsakanin jirgin ruwa da garkar manomi shi ne mai fiton kaya, wanda ake kira taransiter.

Ƙasarmu ba ta da teku. Tun 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa. A wancan lokaci, kaya su sauka Kwatano, jirgi ya kawo su Paraku, tafiyar kilomita 438, sa'an nan motoci su ɗauka su ƙetare gadar Gaya. A cikin shekarun 1970 gwamnati ta kafa kamfanin NITRA domin wannan aiki. A 2023 da aka rufe iyakar Benin, kaya masu yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya hau. A nan ne aka gane darajar mai fiton da ya san aikinsa.

Yaya ake shiga wannan sana'a? Doka ba ta yarda kowa ya shigar da takardun kayan wani ba, sai wanda hukuma ta ba izini, bayan ya ajiye kuɗin jingina. Saboda haka saurayi ba ya farawa da buɗe ofis. Yana farawa ne a hannun ubangida mai izini.

Da farko ɗan aike ne. Shi ke kai takardu daga ofis zuwa duwan, daga duwan zuwa mangaza. Yana tsayawa lokacin da ake buɗe kwantena, yana ƙirga buhuna, yana duba ko hatimin ƙofa lafiya yake. Daga nan sai ya koyi karanta takardu uku: takardar jirgi, wadda ke shaida mai kaya, takardar ciniki, wadda ke faɗin kuɗinsu, da takardar da ke lissafa abin da ke cikin kowane ƙunshi. Idan iri ne na shuka, sai an haɗa da shaidar lafiyar tsirrai.

Mataki mai wuya shi ne sanin lambar kaya. Kowane irin kaya yana da lambarsa cikin littafin duwan, lambar kuwa ita ke nuna harajin da za a biya. Dankalin shuka da dankalin ci ba lamba ɗaya gare su ba. Yaron da ya yi kuskure nan, ya jawo wa ubangidansa tara, ya jawo wa manomi jira. Yau ana shigar da bayanan nan ta kwamfuta, cikin tsarin da ake kira SYDONIA, don haka dole ne mai koyo ya iya faransanci da lissafi da taɓa na'ura. Wanda ya fito makarantar yaƙi da jahilci kada ya karaya: aikin ƙirga da rakiyar kaya ƙofa ce, da koyo akan iya.

Samarin Kurfai da Imanan sun daɗe suna tafiya cin rani bakin teku. Da yawansu sun yi dako a tashoshin jiragen ruwa, sun san hanya, suna jin hausa da zabarmanci, wasu har da buzanci. Abin da ya rage musu shi ne sanin takarda.

Sai dai akwai gargaɗi. Sana'a ce ta amana: ɗan kasuwa zai damƙa wa yaro kuɗin haraji masu yawa. Wanda ya ci su, ko ya rage ƙimar kaya don neman na goro, ya kashe sunansa, ya cuci baitulmali. Haka kuma iyaye su bincika kafin su ba da ɗansu, su tabbata ubangidan yana da izini, su yi yarjejeniya a rubuce bisa tsawon koyo da abin da zai riƙa ba yaron. Ya kamata ƙungiyoyin manoma da asusun FAFPA, mai tallafa wa koyon sana'a, su duba wannan al'amari, domin garin da ke jiran iri kowace shekara ya cancanci ya sami ƴaƴansa cikin masu fito da shi.

Allah ya sa matasanmu su gane.