Yumɓu da Ƙarfin Gurbin Yashi a Sana'ar Zubi

Masu zubin tukwanen alminiyam na kasuwar Katako a Yamai, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, cikin gurbin yashi suke zuba narkakken ƙarfe. Amma yashi shi kaɗai ba ya riƙe siffa. Abin da ke ɗaure shi shi ne yumɓu da ɗan ruwa: yumɓun yakan lulluɓe kowace ƙwayar yashi, laima kuma ta manne ta da ta kusa da ita.

Ƙarfin gurbi ba guda ba ne. Akwai na ɗanye, wanda ke hana shi rushewa lokacin da aka zare tukunyar da aka ɗauki siffarta. Akwai kuma na busasshe, wanda ke hana ƙarfe kwashe yashin bayan zafi ya tsotse laimar. Nan ne irin yumɓu ya zama abin lura. Kawolin ba ya kumbura cikin ruwa, ɗaurinsa ba shi da ƙarfi sosai, sai an zuba shi da yawa. Bentonit kuwa, wanda ya samo sunansa daga Fort Benton ta Amirka, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ya isa. Shi ma iri biyu ne. Mai sodiyam yana kumbura ninki-ninki, yana jure wuta, shi ya sa ake son shi wajen zubin baƙin ƙarfe. Mai kalsiyam ya fi ƙarfi yana ɗanye, kuma yana saurin farfashewa bayan zubi; wannan ya dace da alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660 kacal.

Kuskure ne a ɗauka ƙarin yumɓu ƙarin alheri ne. In ya yi yawa sai ya toshe kafofin da tururi ke fita, tukunya ta fito da ƙananan ramuka, tana yoyo, aiki da gawayi sun tafi a banza. Haka ma ruwa: da bentonit, kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ake nema, in an wuce, ƙarfin ɗanye sai ya koma baya.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne mutuwar yumɓu. Wanda ya taɓa ƙarfe mai tsananin zafi yakan rasa ruwan da ke cikin ginin jikinsa, ba ya sake ɗauri ko an jiƙa shi. Don haka tsohon yashi ke buƙatar sabon yumɓu lokaci-lokaci.

A ɗakin gwaji ana daddale yashin da duka 3, ya zama dunƙule mai tsayin milimita 50 da faɗi haka nan, a matse shi har ya fashe. Maƙeri kuwa damƙa yake yi a tafin hannu ya karya biyu: in ya rabu tsaf, bai marmashe ba, bai liƙe a yatsu ba, ya kai zubi.