Ƙarfin Tabarmar Rufi Yana Cikin Zarenta

Duk wanda ya yi rufin kankare a Agege ko Idi-Araba ya san halin ruwan Ikko. A watan Yuni sai a kwana a wuni ana shekawa, abin da ke sauka a shekara kuwa ya kusa ninka na Kano. Kankare yakan tsage, shi ya sa ake shimfiɗa masa tabarmar kwalta, a gasa ta da wutar gas ta manne. Da yawanta daga ƙasashen waje ake kawo ta, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

To, jama'a, a nan ake cutar mai gida. In ya je saye sai ya latsa ya ji kauri, milimita 3 ko 4, ya biya. Alhali kaurin nan kwalta ne kawai. Ƙarfin yana ga zaren da aka saka a tsakiya.

Ga yadda masana ke gwadawa. Sukan yanko ƙyalle mai faɗin santimita 5, inji ya yi ta jansa har ya tsinke, a rubuta nauyin da ya jure da yadda ya miƙe. In an ce niyuton 800, kamar an rataya masa kilo 80 ke nan, fiye da buhun siminti ɗaya da rabi. Mai zaren foliyesta tana iya miƙewa wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kafin ta yage. Mai zaren gilas kuwa, da ta ɗan miƙe sai ta tsinke.

Miƙewar nan ba abin wasa ba ce. Rana ta dafa kankare ya buɗa, ruwa ya sauko ya tsuke, tsaga tana buɗewa tana rufewa kullum. Tabarmar da ba ta bin motsin nan sai ta dare, ruwa ya bi ƙarfen cikin kankare ya ci shi da tsatsa, balle a Apapa inda iska ke ɗauke da gishirin teku.

Maginan Kano sun daɗe da gane wannan. Cikin laso da suke shafe soro, ban da katsi da dafara, har da gashin dabba daga majema, shi ke hana shi darewa.

Saboda haka a nemi takardar kamfani a ga wane zare ne a ciki. Ranar shimfiɗawa kuma mai gida ya hau da kansa, ya ga kowace tabarma ta hau kan 'yar'uwarta da santimita 10, don a mahaɗa yoyo ya fi farawa.