Muhimmancin Awo Wajen Koyon Zanen Surar Mutum

Babbar matsalar ɗalibin zane a shekararsa ta farko ita ce yakan zana abin da ya sani, ba abin da idonsa yake gani ba. Shi ya sa yakan ɗora idanu can kusa da gashi, alhali kuwa mazauninsu shi ne rabin tazarar da ke tsakanin saman kai da haɓa.

Maganin wannan kuwa shi ne awo. Tsawon baligi yakan kai kimanin bakwai da rabi na tsawon kansa, ko da yake Leonardo da Vinci ya bi ƙa'idar takwas a zanensa na wajejen 1490. Ɗalibi zai miƙe hannu riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna kan mutumin da yake zanawa, sa'an nan ya gwada sauran gaɓoɓi da wannan ma'auni.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin wahala, domin babbar riga da mayafi sukan ɓoye jiki. Wanda bai san mazaunin kafaɗa da gwiwa ba, rigar da ya zana za ta fito tamkar an rataye ta a ƙusa. Saboda haka wajibi ne mu malamai mu fara koyar da ƙwarangwal kafin tufa.